Darasi na Tara: Katangar Tare Ƙasa, Nawa Take Ci, Kuma Wa Zai Biya?

Lokacin darasi: zama biyu, kowanne awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Abin da za a tanada: littafin sakatariya, igiya ko awon tela, bulo ɗaya, bokitin ƙasa, da buta cike da ruwa.

Abin da ake so kowace mace ta iya bayan darasin: ta gane ko gidanta na buƙatar katangar tare ƙasa, ta iya lissafin kuɗinta da kanta, kuma ta san inda ya dace kuɗin ya fito.

Dalilin wannan darasi

Duk shekara idan rabon kuɗi ya matso nakan tambayi mata abin da za su yi da rabonsu. Wata ta ce akuya, wata ta ce kayan ɗakin 'yarta, wata ta ce jarin ƙuli-ƙuli. Amma a ƙungiyoyinmu na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ba a rasa mace biyu ko uku da za su ce: "Ni dai katanga zan gyara, ruwa ya kusa cinye mana bayan ɗaki."

Ba abin mamaki ba ne. Ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta Haɗeja ko Gumel. Muna da duwatsu da tudu da gangare, kuma kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama. Gida da yawa an gina su ne wani a sama wani a ƙasa. Idan ruwan Agusta ya sauko da ƙarfi, yakan tafi da ƙasar da ke ƙarƙashin gini kaɗan-kaɗan har tushe ya fito fili. Mun ga abin da ambaliyar 2022 da ta 2024 suka yi wa gidajen ƙasa a jihar nan. Kuma ba mu manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a Radabi kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, aka yi asarar rayuka da dama. Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya karya gadar kankare, katangar bayan gida ba za ta gagare shi ba.

Abin da ya faru da gwaggona

Gwaggona tana da gida a kan gangare, tsakar gidanta ta fi ta maƙwabcinta tudu da kamar ƙafa huɗu. A 2022 ta haɗa rabonta na ƙungiya da kuɗin awaki biyu ta kira magini. Ya jera mata bulo mai inci shida, ya yi filasta sumul, aka cika bayan da jar ƙasa. Kowa ya zo sai ya ce masha Allah. Ban manta ba, ni ma na yaba.

Damina ɗaya katangar ta yi. Wani dare aka kwana ana ruwa, da asuba sai ji aka yi rim! Ta kife gaba ɗaya cikin gidan maƙwabci, daidai inda yaransa ke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Allah ya tsare, ruwa ya kore su ɗaki. Amma kuɗi sun tafi, awaki sun tafi, zumunci da maƙwabci ya yi tsami har sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Daga baya na gane kuskuren guda uku ne: bulon ya yi sirara, tushen bai yi faɗi ba, kuma ba a bar wa ruwa ko ƙofa ɗaya da zai fita ba. An yi mata katangar zagaye gida a wurin da ke buƙatar katangar tare ƙasa.

Bambancin katangar biyu

Katangar zagaye gida kanta kawai take ɗauke da shi, sai iska. Katangar tare ƙasa kuwa dare da rana akwai ƙasa a bayanta tana tura ta.

Ku yi wannan gwajin a wurin taro. A tsayar da bulo a gefensa, a tara busasshiyar ƙasa a bayansa, a ga yadda ya tsaya. Sannan a riƙa zuba ruwan buta a kan ƙasar a hankali. Ku lura da yadda ƙasar ke yin nauyi tana saki tana danna bulon. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Duro guda na lita 200 nauyinsa ya kai buhun siminti huɗu. To ku ƙiyasta duro nawa ke shiga ƙasar tsakar gida a dare ɗaya na marka.

Ga wani abu da magina da yawa ba sa faɗa: idan tsayin ƙasar da aka tare ya ninka biyu, ƙarfin turinta ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Shi ya sa katanga mai ƙafa shida ba kuɗin mai ƙafa uku sau biyu take ci ba, ta fi haka nesa. Dokarmu a wannan littafi ita ce: duk inda ƙasar da za a tare ta wuce ƙafa huɗu, wato ta haura ƙugun babba sosai, ko kuma akwai ɗaki ko masai dab da bakin gangaren, kada a fara sai injiniya ya gani. A tuntuɓi sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Idan kuma babban kwazazzabo ne ke cin unguwa, wannan ya fi ƙarfin akwatinmu. A rubuta koke ta hannun mai unguwa da dagaci da kansila zuwa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli a Dutse. Jigawa tana cikin jihohin arewa da ke cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda gyaran ƙasar da ta lalace na cikin ayyukansa.

Abubuwa biyar da ba a yin rowa a kansu

Na ɗaya, tushe. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, kada ya gaza ƙafa ɗaya da rabi, faɗinsa kuma ya fi kaurin katangar sosai.

Na biyu, kauri. In bulo ne, mai inci tara, a cika ramukansa da kankare a sa rodi. In dutse ne, gindin ya yi faɗi, saman ya tsuke.

Na uku, ƙofofin ruwa. A yanka fayif a saka a jikin katanga duk bayan ƙafa huɗu zuwa biyar, ɗan sama kaɗan da ƙasa ta ɓangaren gangare, bakinsa na kallon ƙasa. Wannan shi ne mafi araha a duk aikin, kuma shi aka fi mantawa.

Na huɗu, cikon baya. Dab da katanga a zuba tsakuwa ko ƙananan duwatsu faɗin ƙafa ɗaya, ba laka ko shara ba, don ruwa ya tsiyaye ya sami fayif.

Na biyar, ban ruwa. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. A shayar da ginin safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma kada a cika bayansa da ƙasa sai ya yi mako biyu ko fiye.

Mu yi lissafi

Za mu ɗauki katanga mai tsawon ƙafa 30 da za ta tare ƙasa mai tudun ƙafa uku. Farashin da na sa na misali ne don mu koyi hanya. Kowace ƙungiya ta aiki mace biyu kasuwa mafi kusa, ko Gwaram ko Sara ko Birnin Kudu, su kawo farashin ranar a rubuta a gefe. Kun dai san yadda siminti yake: a farkon 2023 buhu bai wuce wajen N5,000 ba, a watan Fabrairun 2024 ya haura N10,000.

Yadda ake ƙirga bulo: tsawon bulo ɗaya inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi. Ƙafa 30 kenan bulo 20 a layi ɗaya. Layi biyu a cikin ƙasa, huɗu a sama, layi shida kenan. Shida sau 20, 120. A ƙara goma saboda fashewa, 130.

Yadda ake ƙirga siminti: tushe buhu 6, jera bulo buhu 3, cika ramukan bulo buhu 5, fila huɗu buhu 2, shafe da rufin sama buhu 2. Jimla buhu 18.

Hanya ta farko: bulo da rodi

Siminti buhu 18 a kan N10,000: N180,000
Bulo 130 a kan N800: N104,000
Rodi mai mili 12, sanda 7 a kan N9,000: N63,000
Zoben rodi da wayar ɗauri: N12,000
Yashi: N35,000
Tsakuwa, ta kankare da ta cikon baya: N70,000
Fayif: N6,000
Ruwa: N10,000
Katakon zuba fila: N15,000
Haƙa tushe: N20,000
Magini da leburori: N90,000
Jimla: N605,000

Sai a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba, N60,000. Ya zama N665,000.

Na san a nan wata za ta ce, "Tab! Ai ni ko a mafarki." Ku dakata, akwai wata hanyar.

Hanya ta biyu: dutse da siminti

Abin da mutumin Kano ke saye da tsada, mu a nan muna tuntuɓe da shi a gona. Katangar dutse nauyinta ne ke riƙe ƙasa, ba ta buƙatar rodi. Ga tudun ƙafa uku, gindinta ya kai faɗin ƙafa biyu, samanta ƙafa ɗaya, ta ɗan jingina ta ɓangaren ƙasar da take tarewa. Kwaɓin kuma buhu ɗaya ga kwanon sarki goma na yashi.

Siminti buhu 12: N120,000
Ɗauko dutse a amalanke, bayan an tara shi da gayya: N40,000
Yashi: N35,000
Fayif: N6,000
Ruwa: N10,000
Magini wanda ya iya dutse: N80,000
Abincin 'yan gayya: N20,000
Jimla: N311,000

Da ƙarin kashi ɗaya cikin goma, N342,000. Haƙa tushe da tsinto ƙananan duwatsun ciko, mutanen gida ne za su yi. Kun ga kusan rabin kuɗin hanyar farko kenan. Sai dai ba kowane mai jera bulo ya iya dutse ba. Ku je ku ga aikin da ya yi wanda ya ci damina biyu ko uku.

Hanya ta uku: dutse zalla da jema

Idan tudun bai wuce gwiwa ba kuma babu ɗaki a kusa, ba lallai sai siminti ba. A jera manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, su jingina baya, a shuka jema ko gamba a layi a bayansu da farkon damina. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa sosai tana ɗaure ta, ruwa kuma yana wucewa ta tsakanin duwatsu ba ya taruwa. Kuɗin amalanke da abinci ne kawai, kamar N60,000 a lissafinmu. Buhunan yashi kuwa maganin gaggawa ne na damina ɗaya, rana na cinye su.

Kafin duk wannan ma, ku duba inda ruwan yake fitowa. Wani lokaci indararo ne ke zuba a wuri ɗaya, ko kwata ta toshe. Gyaran N5,000 yakan hana aikin N300,000.

Daga ina kuɗin zai fito?

Nan ne zuciyar darasin. Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga 'yan'uwanmu Hausawan Nijar. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi a yankin Maraɗi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga can ya bazu ƙasashe da yawa. Abin da ya riƙe shi duk shekarun nan shi ne kuɗi na fita suna dawowa a kan lokaci.

Mu ɗauki ƙungiyar da hannu ɗaya N500 ne. Macen da ke zuba hannu biyar duk mako, N2,500, a mako 52 ta tara N130,000. Wato ko mai zubi mafi girma, tarin shekara guda bai kai rabin katangar dutse ba.

To ta ci bashi mana? Mu duba. Ƙa'idarmu ba a ba mace fiye da ninki uku na abin da ta tara, kuma a biya cikin wata uku. Mai N40,000 za ta iya karɓar N120,000. Biya a mako 12 kenan N10,000 duk mako, ban da zubinta. Idan bashin na sarin gyaɗa ne, mai da ƙuli za su biya shi. Katanga fa? Katanga ba ta haihuwa, ba ta kawo ko sisi ranar kasuwa. Ƙarshenta a sayar da akuya ko a cinye jari, ko kuma a fara ɓuya ranar taro. Shi ya sa shawarata ita ce: kada a ci bashin ƙungiya don katanga, sai dai ɗan cikon ƙarshe, kamar buhu biyu ko uku, ga wadda sana'arta za ta iya biya.

Asusun taimako kuma na wadda katanga ta riga ta faɗa mata ne, a rage mata zafi da abin da tsarin mulkin ƙungiya ya yanke. Ba a gina sabuwa da shi.

Hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce raba aikin da raba nauyin. A fara da ƙafa 15 a wurin da ya fi haɗari, kimanin N171,000 da dutse. Misali, maigida ya kawo N90,000 bayan ya sayar da riɗi ko gyaɗa da kaka. Maƙwabcin da ke ƙasa, wanda katangar ke kare shi shi ma, ya kawo N30,000 ko ya biya da aikin ƙarfi. Ke ki sa N51,000 daga rabonki, ki rage N79,000 na jari. Baɗi a ƙarasa. A gaya wa magini ya bar haƙora a ƙarshen ginin don sabon ya kama tsohon, a kuma tare bakin da duwatsu kada ruwa ya zagaya ta nan.

Tsarin saye: dutse da yashi a tara tun Nuwamba zuwa Janairu, ba sa lalacewa. Siminti shi ne na ƙarshe, ana gobe ko jibi za a fara, domin idan ya daɗe a ajiye yana shan danshi ya dunƙule. A yi gini tsakanin Fabrairu da Afrilu, ya bushe ya yi ƙarfi kafin ruwan farko.

Magana mai nauyi: gidan na waye?

Iyayena, ku yi haƙuri da ni, dole in faɗa. Muhalli yana kan maigida ne. Idan kin sa kuɗinki don kare ɗakinki da 'ya'yanki, alheri ne kuma Allah zai ba da lada. Amma ki san matsayin kuɗin tun farko: kyauta ce ko rance? Akuya idan zama ya ƙare kya ja abarki. Katanga ba a ɗaukar ta a kai. In gidan gado ne da ba a raba ba, ko gidan da kike da abokan zama, abin ya ƙara nauyi. Ku zauna da maigida cikin mutunci a yi magana. In rance ne a rubuta, a sa shaidu biyu. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya yi umarni da shi.

Haka maƙwabci. Kafin a sa fayif, a kira shi ya ga inda ruwan zai bi, a yi masa 'yar kwata zuwa lambatu. Kada mu kare gidanmu mu rusa na wani.

Tambayoyi shida ga magini

Ina aikinka na tare ƙasa da zan je in gani? Zurfin tushe da faɗinsa nawa? Ƙofar ruwa nawa za ka bari, kuma a ina? Da me za a cika baya? Kwanon yashi nawa za ka sa wa buhu ɗaya? Kuɗin aikinka jinga ne ko na yini?

In ya ce ƙofar ruwa ba ta da amfani, ki yi masa godiya ki nemi wani. Kayan aiki ku saya da kanku, a riƙa ƙirga buhunan da aka buɗe kullum da yamma. Kuɗin aiki a biya kashi uku: farko, tsakiya, da bayan an gama. Bulo kuma a gwada shi: in kin kankare shi da ƙusa yana zuba kamar gari, an yi masa rowar siminti. Araha ba ta ado.

Alamun haɗari a katangar da ake da ita

Ta fara yin ciki ko ta sunkuyo waje. Tsagewa tana ƙara buɗewa. Ƙasar bayanta ta rabu da ita ko ta lotsa. An yi ruwa mai yawa amma fayif bai zubar da komai ba. In kin ga ɗaya daga ciki, a janye shimfiɗar yara da turken dabbobi da murhu daga gindinta a ranar, ba sai gobe ba.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mata nawa a cikinmu ruwa ke cin gidansu? Wace hanya cikin ukun ta dace da kowacce?
2. Idan siminti ya koma N12,000, nawa katangar dutse za ta ƙaru?
3. Wata ta nemi bashin N100,000 don katanga, sana'arta na kawo ribar N4,000 a mako. Me za mu ce mata, kuma yaya za mu faɗa ba tare da mun kunyata ta ba?
4. Za mu iya shirya gayyar tara dutse, bana gidan wannan, baɗi gidan waccan?

Aikin gida

Kowace mace ta auna tsawo da tudun wurin da ke damunta da igiya, ta ƙulla alama, ta kawo zama na gaba. Za mu auna igiyoyin da awon tela, sakatariya ta rubuta, mu yi wa kowa lissafinta a gaban kowa.

Gwaggona ta sake tata katangar da dutse, rabi a shekara ɗaya, rabi a ta biyu, da hannun maƙwabcin nan a ciki. Ba ta kai ta farko kyan gani ba. Amma duk ranar da aka yi ruwa takan leƙa ta ga fayif bakwai suna tsiyaya, sai ta koma ɗaki ta yi barcinta. Allah ya tsare mana gidajenmu, ya sa albarka a abin da muke tarawa. Amin.